Shekara Bakwai Ba Idi, Gareji Ya Manta Wankin Inji

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai ƙanina Idi makwancinsa a nan Madarumfa. Ni ban shiga lakol ba, wato makarantar boko, 'yata ce ke riƙe da alƙalami, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta min magana ko ɗaya.

Idi makanike ne. Ni kuma mai soya kifi ce, rumfata na kallon garejinsa, hanya ce kawai ta raba mu. Sama da shekara talatin ina juya kifi ina kallon hannunsa, har na san aikin da ido ko da ban taɓa riƙe ƙarfe ba. Garejin na nan har yau a hannun ɗansa Sani. Abin da na gani a wurin bana ne ya sa na ce a rubuta min wannan.

Idi yana da wata ɗabi'a da direbobi suka tsana. In aka kawo masa mota mai yoyon baƙin mai, ba ya kwance komai. Sai ya wanke injin tas da gazuwal, wato man dizal, da ruwan sabulu, ya bar shi a rana ya bushe. Sannan ya tsallako wurina da tsohon kwano, ya ɗebi toka a murhuna, ya tankaɗe ta kamar garin tuwo, ya barbaɗa wa injin har ya yi fari. Sai a ta da mota, shi kuma ya tsuguna yana jira. Inda tokar ta fara yin baƙi, nan ne ciwon. Yakan ce mai gangarawa yake yi, iska kuma tana kora shi baya, don haka inda ka ga yana ɗiga da wuya a ce nan ya fito. Direbobi su yi ta ƙunƙuni wai ya cinye musu rabin yini.

To, gab da damina sai ga Haruna, wani direba ɗan Gabi da ke kai mana kifi da kayan lambu Maradi. Motarsa irin ta yanzu ce, mai wannan ƙarfe da ya naɗe kamar katantanwa, wanda suke kira turbo, shi ke hura wa inji iska. Mai yana zuba a kansa, yana ɗiga kan bututun hayaƙi, ƙauri ya cika unguwa. Ina zaune na ga Sani ya ɗaga murfin gaba. Injin nan baƙi ƙirin, mai da ƙura sun haɗu sun yi kauri kamar gindin tukunyar da aka shekara ba a kankare ba. Bai ko naɗe hannun riga ba. Ya haska fitilar salula, ya girgiza kai, ya ce turbo ya mutu, sai sabo.

Haruna ya zo rumfata ya zauna, na zuba masa kifi bai ci ba. Da na matsa, ya ce min ba shi da abin sayen sabon turbo sai in ya sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗarsa biyu, kuma har ya yi wa dillali magana, ranar kasuwa za a kai. Wanda ya san gona ya san sa ɗaya ba ya jan garma. Mutum mai iyali sama da goma, ga hadari ya fara haɗuwa, zai rasa huɗar bana saboda kallon da bai kai tsawon atishawa ba.

Na tsallaka hanya. Rabona da shiga cikin garejin nan ya daɗe, kuma da ban shiga ba ya fi min. Ƙasa ta jiƙe da mai har takalmi na mannewa. Tsummokara a zube, ƙudaje a kan kwanon abinci, kayan aikin da Idi ke jerawa a bango suna kwance cikin turɓaya sun yi tsatsa. Na tambayi Sani ko ya wanke injin. Ya yi dariya.

"Gwaggo, wannan ba motar zamanin Baba ba ce. Ki koma wurin kifinki kada ya ƙone."

Na ce masa ubansa ya gyara irinta kafin ya rasu, ina kallo. Na ce turbo yana shan mai ta wani siririn bututu a sama, ya mayar ta wani mai faɗi a ƙasa, kuma ko wanne na iya yoyo turbon yana lafiya lau. Na ce ba zan ɗaga daga nan ba sai an wanke. Mutane suka fara taruwa, kunya ta sa ya ɗauko bokiti, yana yi yana tsaki.

Da injin ya bushe na kawo toka da hannuna. Aka barbaɗa, Haruna ya murza makulli. Ba a jima ba sai wani ɗigo baƙi ya bayyana a can sama, daidai inda siririn bututun ya haɗu da turbo, ya fara rarrafowa ƙasa. Ko'ina fari, sai nan. Da aka kwance, ɗan zoben tagulla ne da ke toshe mahaɗar ya tsufa ya lanƙwashe. Abin da ya fi ɗaga min zuciya shi ne, an shafe wurin da wani jan gam, kuma Haruna ya ce Sani ne ya shafa watanni baya. Ke nan ya taɓa wurin, ya san da shi, ya lulluɓe ƙazanta da ƙazanta. Na sa ya cire babban tiyon iska ya taɓa farfelar da ke ciki da yatsa, kamar yadda Idi ke yi. Ba ta girgiɗi, ba mai a jikinta, turbon lafiyarsa lau. Aka sa sabon zobe, aka sake wankewa, aka sake barbaɗa toka, motar ta kai Safo ta dawo injin na fari.

Haruna ya ce, "Inna, Allah ya jiƙan Malam Idi." Sani kuwa ya juya yana gaya wa abokansa dama can ya yi zargin zoben.

Na sha tambayar kaina me Idi zai ce in ya ga wannan. Ina jin ba zai ce komai ba. Zai tsuguna ya tsince kayan aikinsa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya goge, kuma wannan shirun zai fi zagi ciwo. Sani ba ɓarawo ba ne, ban ce haka ba. Ƙyuya ce, da girman kan da ba ya yarda ya ɓata hannu. Amma ga talakan da zai rabu da sansa, duk ɗaya ne.

In na auna abin da ya rage na ƙanina, kaɗan ne. Ɗansa ya gaji fuskarsa da muryarsa da rumfarsa, bai gaji jira ba. Haruna ya yi huɗa da shanunsa biyu, geronsa ya kai gwiwa. Sauran kuwa yana cikin idon tsohuwar da ganinta ya fara raguwa. Shekaranjiya wani mutumin Safo ya shigo da mota tana ɗiga. Na ga Sani ya ɗaga murfi, ya haska salula, ya fara girgiza kai. Na sauke kaskon daga wuta, na gyara ɗaurin zane, na tsallaka.