Ganyen Yaya Mamman da Aka Jiƙa Aka Sha

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Malam Mamman, wanda duk Zangon Wagadugu ta sani da Mamman Ciyawa. Ba don ƙauna aka laƙaba masa sunan ba. Mu 'yan tufafi ne tun daga kakanmu da ya biyo fataken goro daga Kano ya zauna a nan, kuma a gidanmu namijin da bai iya gane shadda da ɗan yatsa ba, kallon tausayi ake yi masa. Yaya kuwa shekara talatin ya yi yana bin masu binciken tsirrai cikin daji, yana ɗaukar musu kaya, yana matse ganye tsakanin katako biyu har ya bushe. Bai taɓa zama a benci a lekol, makarantar boko, ba. Allo ya yi, da ajami yake rubutu.

Duk ganyen da ya matse wa masu gidansa, sai ya matse nasa. Ya liƙa a takarda mai kauri, ya rubuta inda ya samo shi da watan da ya samo shi da launin furensa, ya naɗe a tsohuwar jarida. Sannan ya ɗaure su dangi-dangi. Ɗauri ashirin da ɗaya ya bari a cikin kabad, kowane ɗauri gida guda ne na tsirrai.

A cikinsu ba wanda yake so kamar ɗaurin dangin karas. Na tuna ranar da ya goya ni a mobilet ɗinsa, ƙaramin babur ɗin nan, har bakin dam, wurin wani mai lambu da ya roƙa ya bar masa kwami ɗaya na karas kada a cire. Karas ɗin ya yi tsawo ya fitar da fure fari, sanduna duk daga wuri ɗaya suka tashi kamar ƙarafan laima. Ya tsinko furen faski ya ɗora kusa da shi, ya tsinko na seleri, ya ce in duba da kyau. Iri ɗaya ne. Ya murje 'ya'yansu a tafin hannu ya nuna mini yadda kowane ke rabewa biyu, ya ce haka kusbara take, haka shammar da matanmu ke saya wurin masu kayan ƙamshi. Wani saiwarsa ake ci, wani ganyensa, wani 'ya'yansa, amma kakansu ɗaya. Ni a ranar hankalina yana kan rumfata da na bari a rufe.

Abu biyu a ɗaurin nan suka hana shi sakat. Ɗaya wani itace ne da ya samo a duwatsun kudu, itace sosai mai gindi da rassa, wanda in ka murje ganyensa ƙamshin karas za ka ji. Wannan ya yarda ɗan gida ne, duk da girmansa. Ɗayan wata ciyawa ce mai yaɗo a bakin ruwa, mai ganye zagayayye, wadda littattafan masu gidansa suka sa a dangin karas. Shi bai yarda ba. Ya sa ta a ƙarshen ɗauri, ya rubuta a ƙasan takardar cewa wannan baƙuwa ce, a sake dubawa. Da idona na karanta. Masu gidansa dariya suka yi masa, dattawan Zango kuwa ba su ma san akwai abin dariyar ba.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaure. Matarsa ta riga shi tafiya, magada biyu ne: Sabi'u, mai shagon atamfa a unguwar Paspanga, da ƙanwarsa Rakiya, wadda ita kaɗai ta taɓa zama kusa da uban tana koyon sunayen ganye. Da aka zo kan kabad ɗin, Rakiya ta aiko daga cikin gida cewa a bar mata takardun gaba ɗaya, ta yafe rabonta na mobilet da kayan ɗaki. Addini bai hana wannan ba, kowane malami a zauren ya sani. Amma da Sabi'u ya ji tana so, sai ya buɗe ɗauri ɗaya, ya ga ajami, ya shaƙi ƙamshi, idonsa ya canza. Dattawa suka kalli juna suka gyaɗa kai irin na waɗanda suka gano wani abu. Ashe shekara talatin ɗin nan Mamman asiri yake tarawa! Nan take aka ƙirga sha huɗu aka tura wa namiji, bakwai aka aika wa mace, kamar ana rabon bandir ɗin yadi. Sabi'u da hanci ya zaɓi nasa, ɗaurin karas ne ya fara ɗauka.

Ina zaune a wurin. Na san abin da ke rubuce a takardun nan, na kuma san yaron bai iya karanta ko harafi ɗaya na ajami ba. Ban ce uffan ba, don kada manya su ce ƙanin mamaci yana da wata manufa. Wannan shirun har yau yana ci mini rai.

A watan jiya wata malama daga jami'a ta zo Zango tana tambayar gidan Malam Mamman. Ta ga sunansa a jikin tsofaffin takardun wurin da ya yi aiki. Ita ta bayyana mini cewa yanzu masana ba su tsaya ga kamannin fure da 'ya'ya ba, suna ɗaukar ɗan guntun busasshen ganye su karanta ƙwayar halittarsa, su gane wa ya haɗa kaka da wa. Da haka aka sake tsara dangin karas, waɗanda ake zaton 'yan ɗaki ɗaya ne aka ga sun yi nisa da juna. Na tambaye ta itacen nan. Ta ce yana nan a cikin dangi. Na tambaye ta ciyawar bakin ruwa. Ta ce an fitar da ita, an mayar da ita wani gida na maƙwabta. Da na gaya mata abin da Yaya ya rubuta, ta ajiye birota ta ce in ta ga takardar da idonta, za ta sa sunansa a aikinta.

Da Yaya yana raye, na san ba zai yi tsalle ba. Zai shafa gemu ya ce to, sun dai iso. Abin da ban sani ba shi ne abin da zai ce da ɗansa.

Na je gidan Sabi'u a unguwar Larle, gidan da ya sa wa tayil har a jikin katanga. Ya yi ƙiba, ya je Makka, ana ce masa Alhaji. Da na tambayi takardun, sai ya rufe ƙofar falo ya rage murya, ya kira ni Tonton, wato baffa da Faransanci.

"Tonton, ai su ne sirrin kasuwata. Duk Juma'a nakan jiƙa guda, in sha rabi in yi wanka da rabi. Vraiment, gaskiya tsoho ya bar mana dukiya."

Shekara bakwai ɗan yayana yana wanke sunayen ƙauyuka da watanni yana kwankwaɗa. Ya sha "gefen rijiya, fure fari". Ya sha "watan bakwai, bayan ruwan farko". Ya sha ganyayen da Allah kaɗai ya tsare shi daga dafinsu, ya kuma sha takardar da za ta sa a rubuta sunan ubansa a littafin masana. Yana faɗa mini yana shafa tumbi, yana jiran in yaba masa.

Takarda ɗaya ta rage, ya ce ya ajiye ta ne don ta fi sauran ƙamshi. Ya ɗauko ya ce in karanta masa, don ya san ƙa'idar shanta. Na karanta masa abin da ke jiki: karas, lambun bakin dam, an bar shi ya yi fure. Ya yi ta jinjina kai kamar mai sauraron tafsiri.

"To Tonton, sau nawa ake sha a rana?"

Na ga in na gaya masa gaskiya, zai ɗauka ina so in raba shi da arzikinsa ne, Juma'a mai zuwa kuma takardar ta shiga kofi. Sai na ce masa wannan ba ta sha ba ce, ajiye ta ake yi a bushe, kuma ba ta aiki sai a hannun 'ya mace ta gidan. Hannu biyu ya sa ya miƙo mini, har da roƙon in gaishe da Rakiya.

Abin da ya rage na Malam Mamman ke nan. Ɗauri bakwai a gidan Rakiya a unguwar Kosodo, cikin akwatin ƙarfe, tana fito da su duk bayan damina tana kakkaɓe ƙwari. Malamar jami'a ta gan su ta yi ta mamakin tsarinsu, amma ba su ta zo nema ba, kuma ba za ta rubuta magana a kan shaidar bakina kaɗai ba. Ban ga laifinta ba. Sai kuma furen karas guda ɗaya, wanda ba ya tabbatar da komai.

Allah ya haskaka kabarinka, Yaya, ya yafe mini. Ranar da gaskiya za ta ceci aikinka gaba ɗaya na kama bakina, sai ga ni da furfurata na yi ƙarya da sunanka don in ceci takarda ɗaya.