Kawu Gado da saƙon da ya iske Ramatu a kasuwa

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Kawu Gado makwancinsa a Dogon Dutsi. Ban taɓa jin kunyarsa kamar bana ba.

A farkon shekarun samun ƴancin kai, shi ne mai karɓar telegaram a gidan waya. Yawancin abin da ke zuwa daga Abijan da Akara mutuwar ƴan ci-rani ce, kalma biyar ko shida cikin Faransanci ko Ingilishi. Aikinsa ya rubuta ya miƙa wa masinja, shi ke nan. Amma Kawu ba ya miƙa takardar mutuwa. Sai ya ninke ta a aljihu, ya hau keke, ko da can garin Kore Mairuwa ne. Ya nemi dattijon gidan, a gaisa, ya sha ruwa, ya ce jikin wane ya yi tsanani, sai ya ga an zauna sannan ya faɗa. Shugabansa ya sha yi masa faɗa a kan barin tebur. Shi dai amsarsa ɗaya ce, zuwa da kai ya fi aike.

Ni kuwa ɗan ƙanwarsa, aikina rubuta manhajar kwamfuta. A rubutu ba na jin tsoron kowa, amma a tara mutum biyar a ce in yi magana, sai harshena ya ɗaure. Bara wata ƙungiyar ƴan ci-rani ta ba mu aikin manhajar da za ta riƙa aika wa iyalai saƙo a waya idan an canja wani abu a rajistar mutuminsu da ke ci-rani. Na hango matsalar tun da wuri: ranar da aka rubuta ya rasu, saƙo zai tafi da kansa. Na rubuta gargaɗi mai kyau a cikin bayanin aikin, can wajen ƙarshe. Ranar taro shugabanmu ya tambaya ko akwai mai magana. Na sunkuyar da kai, na ce a raina ai na rubuta. Ashe ba wanda ya karanta har can.

Irin wannan saƙon ne ya iske Ramatu, wata dattijuwa mai sayar da daddawa, a tsakiyar kasuwar Kore Mairuwa. Ba ta karatu, sai ta miƙa wa wani mai goro wayar. Bawan Allah ya karanta da ƙarfi yana fassarawa, bai ankara ba sai da sunan ɗanta ya fita daga bakinsa. Nan ta faɗi cikin kayanta. Magana zarar bunu ce, ko da inji ne ya zare ta.

Na gyara manhajar cikin wuni ɗaya. Zuwa gaisuwa kuwa sai da na yi wata guda ina jan ƙafa. Da na faɗa mata ko ni wane ne, sai ta ce:

"Kai jinin Gado ne? Shi ya kawo muna mutuwar babanmu, ina ƙarama. Sai da ya zamna ya sha ruwanmu. Kai ina kake sa'adda aka hwaɗa mini?"

Na san inda nake a lokacin. Ina ofis, fanka tana kaɗa ni.

Da Kawu yana raye, na san ba zai zagi injin ba, shi ma da waya ya ci abinci. Tambayata zai yi ko ranar taron bakina ciwo yake. Bai bar gida ba, bai bar littafi ba, kekensa ma tsatsa ta cinye. Amma wata tsohuwa ta riƙe zamansa a zaurensu fiye da shekara hamsin. Ni abin da za ta riƙe nawa shi ne muryar mai goro.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba Ramatu haƙuri.