Yatsun Barau Makanike

A Maigatari, duk direban da ke son motarsa ta bar kowa a baya, garejin Barau ake nuna masa, can bayan tashar manyan motoci. Mutumin Ɗanzomo ne, ɗan manomi, amma tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya bi wata gingimari zuwa Damagaram, ya dawo da sana'a a hannunsa.

Shi bai taɓa damuwa da gyaran birki ko fitila ba. Inji ne aikinsa. In ya gaji sai ya sauke shi, ya kai karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, Kano a goge, ya dawo ya haɗa. Inda ya yi suna kuwa shi ne wajen zaunar da metal, 'yan ɓawon ƙarfen nan da karanshaf ke juyawa a cikinsu. Tsakanin su biyun akwai 'yar tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba, ta nan baƙin mai ke ratsawa. In ta matse, inji ya yi zafi ya kama. In ta yi sako-sako, sai ya fara ƙwanƙwasa har ya buga. Motar da za a taka da ƙarfi tana son a sakar mata kaɗan fiye da ta kowa, kuma wannan kaɗan ɗin Barau a yatsunsa yake jin ta. Ya ɗaure noti, ya shafa mai, ya rufe ido ya juya ƙarfen a hankali, ya ce ya yi ko bai yi ba.

Da girma ya fara kama shi sai ciwon suga ya shigo. Matarsa Larai ce ta fara lura. Wata rana ya shigo gida jini na ɗiga daga babban yatsansa.

"Malam, me ya yanke ka haka?"

Ya dubi hannun kamar na wani. "Ban sani ba," ya ce.

A asibiti a Gumel aka gaya masa ciwon ne ke kashe jijiyoyi, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Ya karɓi magani ya koma gareji, bai gaya wa kowa ba.

Cikin wannan hali Haladu, mijin 'yarsa Jannatu, ya kawo masa wata mota mai silinda shida da ya sayo a Nijar, yana so ya riƙa jigilar fatake da ita ranar kasuwa. Barau ya haɗa injin. Da ya zo juya karanshaf, yatsun sai suka yi masa kamar an naɗe su da tsumma. Ya kwance, ya sake ɗaurewa, ya juya da tafin hannu, har da gwiwar hannu ya gwada. A ƙarshe ya ce wa kansa ya yi. Injin ya tashi lafiya lau, ƙararsa kamar sabo.

Ba a yi nisa ba labari ya zo daga wajen Gagarawa. Haladu na ƙoƙarin wuce wata tirela injin ya kama, tayoyi suka ƙame, motar ta bar titi ta faɗa gonar gero. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma Haladu ya karye a cinya.

Kowa a tasha ya ɗora laifin a kan jabun kayan gyara da suka cika kasuwa. Barau bai yarda ya buɗe injin shi kaɗai ba. Ya kira Zakka, wani makanike ɗan Filato da suka daɗe suna maƙwabtaka, suka kwance tare. Metal ɗin ya narke ya manne da karanshaf, ya yi baƙi ƙirin.

"Zakka, tsakaninka da Allah, me ka gani?"

Zakka ya jujjuya ƙarfen ya girgiza kai. "Maigida, wanda ya ƙone haka ba ya faɗin komai. Yana iya zama jabu ne, yana iya zama mai ne ya yanke, yana iya zama matsewa. Ba wanda zai rantse."

Barau ya fi son a ce masa ga dalili, ko da laifinsa ne. Ya rage cin abinci. Kullum ya je gaida Haladu sai ya tsaya daga zaure, ya aika da gaisuwa ya juya.

Bayan damina Haladu ya miƙe, yana ɗingishi da sanda. Ya zo gareji da wani injin a bayan a-kori-kura, ya durƙusa ya gaida surukinsa.

"Baba, ga shi na samo wani. Ba wanda zai taɓa mini shi sai kai."

"Kai wa Zakka."

"Baba, wani laifi na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Na ce ka kai wa Zakka."

Haladu ya tashi ya tafi da injinsa. A gida ya gaya wa Jannatu mahaifinta na ganin gangancinsa ne ya jawo hatsarin, shi ya sa ya juya masa baya. Jannatu ta zo ta yi kuka wajen uwarta. Larai ta san dalili, amma ta ce ba ita ce za ta faɗa ba.

Har yanzu Barau na buɗe gareji kowace safiya. Facin taya da canjin mai yake yi, direbobi na cewa tsufa ne ya sa shi ƙiwuya. Haladu kuwa, in ya biyo ta layin, hannu kawai yake ɗagowa ya yi gaisuwa daga cikin mota.