Pak Tarmudi, Wanda Ya Ɗauki Laifin Albasa Shi Kaɗai

Daga Danang Priyambodo

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, likita ya tabbatar da rasuwar Pak Tarmudi Wiryasentana a gidansa da ke garin Depok. Wannan shi ne lokacin da likita ya rubuta. Maƙwabciyarsa Bu Parmi, mai soya ayaba a bakin layi, ta ce tun wajen tara da rabi ta hango shi a kujerar baranda, kansa ya karkata, rediyo na ta magana, ta ɗauka gyangyaɗi yake. Ba kowa a gidan sai shi. Shekarunsa saba'in da takwas a takarda, ko da yake ya taɓa gaya mini cewa an ƙara masa ɗaya don a ɗauke shi makaranta. Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa.

Pak, an binne ka bayan la'asar. Idan babban ma'aikacin fadar shugaban ƙasa ya rasu, allunan furanni na ta'aziyya sukan cika titi har mota ta rasa hanya. Naka allo ɗaya ne, daga 'yan acaɓar da ke tsayawa a ƙarƙashin mangwaron layinku. Daga cikin waɗanda kuka yi aiki tare ban ga kowa ba. Mai yiwuwa wani ya zo ban gane shi ba. Daga ƙauyenku kuwa na tabbata ba wanda ya zo.

Na san ka ne ta dalilin kundin kammala digirina, wanda na rubuta a kan yadda ake yanke shawara a fadar shugaban ƙasa a wata gwamnati da ta shuɗe. Kai ne mai ba shugaban shawara kan harkar abinci a lokacin. Na nemi tsofaffin ma'aikata da dama, kai kaɗai ka ce in zo. Ranar farko na tsaya a ƙofa, na riƙe tambayoyina da hannu biyu. Ka dube ni ka ce, "Kai ne ɗan jami'ar? Shigo mana, ko jira kake a buga maka ƙararrawa?" Da na tambaye ka ranar da aka naɗa ka, ka faɗa, sai na ce jarida ta nuna washegari ne. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. "To, Mas Hujja, ka ci ni. Zauna ka ci shinkafa." Tun daga ranar ba ka sake kirana da sunana ba, sai Mas Hujja, wato Malam Hujja.

Kusan shekara biyu ina zuwa duk Alhamis. Kai ka koya mini cewa taron ministoci da ake nunawa a talabijin ba a nan ake yanke komai ba. Ana yankewa ne a wani ƙaramin ɗaki, da safe, mutum ɗaya ya shiga ya yi bayani, Bapak ya saurara. Haka kuke kiran shugaban, ni ma a nan zan tsaya. Ka ce ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, kuma ba ya son a gan shi ya kayar da wani minista a gaban wani. Ana kawo wa baƙo shayi, kuma ɗan mutunci ba ya taɓa kofi sai mai gida ya ce bismilla. Idan Bapak ya yarda da abin da ka kawo, sai ya ce ka sha. Idan bai yarda ba, zai yi ta tambayarka lafiyar iyali har shayin ya huce, ka tashi ka bar shi. Daga nan sai mutum ya fito ya gaya wa ministoci abin da aka yanke, su sa hannu. Ba a rubuta abin da ya faru a ɗakin. Mutum huɗu da suka yi aiki a fadar, da na samu daga baya, sun tabbatar mini da wannan al'ada, kowa daban.

Sai shekarar albasa. Farashi ya yi tashin da matan birni suka fara zanga-zanga a kasuwanni gab da azumi. Masu kula da ciniki suka ce a shigo da albasa daga waje. Masu kula da noma suka ce a jira, girbi ya kusa. Rigima ta ƙi ƙarewa, aka tura ka ƙaramin ɗakin da maganar ɓangarorin biyu. Ka fito ka ce a shigo da ita. Jiragen ruwa suka makara, suka sauke kaya daidai lokacin da manoman bakin tekun arewa ke cire tasu. Albasa ta koma ba ta biyan kuɗin buhun da aka zuba ta. Mutane suka riƙa juye ta a kan titi. Daga nan fada ta sanar da cewa Bapak bai san da maganar ba, wani ma'aikaci ne ya wuce gona da iri. Aka mayar da kai wani ofishi mai tebur da fanka, ba aiki, har ka yi ritaya.

Kai ɗan manoman albasa ne. Yayanka Pakde Kasmuri ya sayar da gonar mahaifinku a shekarar. Bai sake yi maka magana ba, kai ma ba ka sake kwana a ƙauyen ba.

Na tambaye ka, Pak, ta kowace hanya da na iya. Kai tsaye na tambaya, ta bayan gida ma na tambaya. Wata rana na ce, "Pak, abu ɗaya kawai. An ce ka sha, ko ba a ce ba?" Ka ci gaba da ɓare ƙwan agwagwa mai gishiri, irin na garinku da kake sayowa a tashar jirgin ƙasa. Ka ce, "Mas Hujja, wanda ya shiga ɗakin nan, abin da ya fito da shi nasa ne. Da ta yi kyau ai ni za a ƙara wa girma." Na ce tarihi yana da haƙƙi. Ka ce, "Tarihi ya zo da kansa in ba shi ƙwai." Mutum uku ne a ɗakin ranar: kai, da Bapak, da dogarinsa. Dogarin ya rasu tuntuni. Bapak bai taɓa magana a kai ba, kuma shi ma ba ya raye balle a tambaye shi. A kundina na rubuta cewa ba a san wanda ya yanke shawarar ba. Ka karanta shafin, ka gyara mini waƙafi ɗaya, ka miƙo mini.

Ba na so a tuna ka da albasa kawai. Lokacin da aka ce za a kori 'yan acaɓa daga ƙarƙashin mangwaro, kai ka zaunar da su ka tsara musu yadda za su yi magana a ofishin unguwa, wa zai fara, wa zai yi shiru, kuma aka bar su. Ka ce ita ce shawara mafi amfani da ka taɓa bayarwa. Lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni a ɗakin haya, ba ni da kowa a birnin nan, ka hau bayan babur da shekarunka ka kawo mini kunun shinkafa a kwano mai murfi. Ranar kare kundina ka ba ni rigarka ta yadin batik mai zane-zane, mai dogon hannu, wadda ka ce da ita kake shiga fada. Ta yi mini yawa a kafaɗa. Ka ce, "Miƙe bayanka, za ta zauna." Ba ka taɓa zagin waɗanda suka yar da kai ba a gabana. Idan aka nuno ɗayansu a talabijin sai ka ce, "Ya tsufa," ka rage murya.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne ranar addu'ar bakwai. Bayan an watse, 'yarka Mbak Ningrum ta tsayar da ni a baranda. Ta ce ta kira Pakde Kasmuri, ya ce zai zo addu'ar arba'in da mutanen ƙauye, ya tsaya a kan kabarinka, amma sai ɗalibin da ya yi binciken ya rubuta cewa ba ƙanensa ne ya yanke shawarar albasar ba. Ta ce marigayiya mahaifiyarta ta taɓa gaya mata cewa a ranar da ka shiga ƙaramin ɗakin ka dawo gida ka ce an ce ka sha shayin.

Na ce, "Mbak, daga bakin Ibu, mahaifiyarki, kika ji, ita kuma daga bakinsa. Ba ni da shaida ta biyu."

Ta ce, "Dik Danang, ƙanena, layi ɗaya fa za ka rubuta. Ka ci abincinsa, ka sa rigarsa. Wa zai kai ka ƙara? Matattu?"

Na ce zan yi tunani. Na kuwa yi, Pak. Ina so ya zama gaskiya fiye da yadda nake son samun aiki. Zuciyata ma ta karkata can. Amma akwai manoman da suka rasa gonakinsu, wasunsu na raye. Idan na rubuta abin da ban tabbatar ba, kuma ya zamana ba haka ba ne, na yi musu ƙarya a kan abin da ya karya su. Kai kuma da kana so a faɗa, Alhamis nawa ka samu?

Saboda haka na hau jirgin ƙasa na tafi ƙauyenku, don in faɗa wa Pakde da bakina. Na same shi a rumfar da ake rataye albasa ta bushe, ta wani ce, yana taya ɗauri. Kamanninku sun sa na kasa gaishe shi yadda ya kamata.

Ya ce, "Kai ne mai takardar? Na ɗauka za ka fi haka girma. To, ya sha ko bai sha ba?"

Na ce, "Ban sani ba, Pakde."

"Shekara biyu kana zarya ba ka sani ba? Me ake koya muku a can?"

Na gaya masa abin da na sani. Mutum biyu da suka halarci taron ƙarshe kan albasa, kafin a tura ka ƙaramin ɗakin, sun ce ka roƙi a jira girbi, har ka ɗaga murya, abin da ba a san ka da shi ba. Bayan sanarwar fada 'yan jarida sun yi sati suna bin ka, ba ka ce uffan ba. Ban taɓa jin ka ambaci sunan yayanka ba tare da ka ce Allah Ya ƙara masa lafiya ba. Na ce iyakar abin da zan iya sa wa hannu ke nan.

Ya daɗe yana ɗaure damin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Tun yana yaro haka yake. A doke shi a kan laifin wani, shiru. A doke shi a kan nasa, shiru. Uwarmu ma ba ta iya gane wanne ne wanne." Da na miƙe zan tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Jirgin safe har yanzu yana tsayawa a Jatinegara?" Na ce yana tsayawa, domin nan ce tashar da mai zuwa gidanka ke sauka. Ya ce to, ya juya ga aikinsa.

Na sanar da Mbak Ningrum duk yadda muka yi. Saƙon ya nuna ta karanta. Ba ta amsa ba har yau.

Ya Allah, ga bawanKa Tarmudi ya zo gare Ka da abin da ya ɓoye wa kowa, Kai kuwa ba a ɓoye maKa komai. Idan an zalunce shi, Ka saka masa da abin da ya fi wanda aka ƙwace. Idan shi ya yi kuskure, Ka yafe masa, Ka sanyaya zukatan waɗanda abin ya shafa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba shi abokan zama, domin ya daɗe shi kaɗai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mbak Ningrum da mijinta da 'ya'yansu, da Pakde Kasmuri da iyalinsa, da Bu Parmi da mutanen layi. Allah Ya ba ku haƙuri. Mbak, ki gafarce ni.

Ka saba ganin na rufe kowane babi da abin da ban gano ba, Pak, kana tsokanata a kai. Ga na wannan.

Ban san ainihin lokacin da ranka ya fita ba, ko ka kira wani ba a ji ba.

Ban san ko an ce ka sha shayin ba.

Ban san ko shirun da ka yi don kare Bapak ne, ko don kare kanka, ko don kana ganin ɗan manomi da ya fito da irin wannan umarni bai cancanci uzuri ba ko da an tilasta shi.

Ban san ko za ka ce na yi daidai ba. Mbak Ningrum tana ganin na ci amanarka, kuma ba ni da hujjar da zan ce mata ba haka ba ne.

Addu'ar arba'in ta kusa. Ban san ko za a buɗe mini ƙofar gidanka ba. Ban san ko Pakde zai hau jirgin ba. Zan je tashar Jatinegara da safe in tsaya a inda fasinjoji ke fitowa, domin bai san hanyar maƙabartar ba.