Katin Kawu a Cikin Takalmi

Kawuna na Urafan yana da wata ƴar na'urar jin waƙa da ɗanshi ya aiko mashi, ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Wuri biyu take aje abu: cikinta, da kat memuwar, ɗan katin nan da ake sa mata a gefe. Kawu ya raba su yadda ya ga ya dace. Karatu da addu'o'i a cikinta, kiɗan noma da waƙoƙi a kati. Ni ko tun da na gama lakwal, wato boko, ba ni da aikin da ya wuce latse-latse, shi ya sa yake ce mani injiniya.

Damanar nan ya kira gayyar maimai. Makaɗin garinmu ya tsufa, sai Kawu ya ce na'ura za ta yi aikinshi, a haɗa ta da babbar sipika. Amma da tsari: addu'a tukuna, sannan kiɗa mai sanyi, sai mai zafi in hannu ya fara mutuwa. Na zauna na jera mashi lis ɗin abin da za ta saka bi da bi, ɗaya daga ciki, biyar daga kati, haka har ƙarshe. Ta yi lafiya lau.

Washegari surukinshi ya zo gaisuwa, Kawu ya ce bari ya ji addu'ar buɗe gayya. Ya latsa. Sai ga waƙar mata ta biki, da guɗa tun daga farko.

Bayan baƙon ya tahi, Kawu ya kira ni.

"Injiniya, mi na yi maki?"

"Kawu, jiya daidai take. Ka taɓa wani abu?"

"Ban taɓa komi ba. Kati kawai na cire da zan shiga masallaci."

Ashe kullum haka yake. Ba ya shiga masallaci da waƙa a aljihu. Sai ya zare katin da farce, ya aje cikin takalminshi a bakin ƙofa, in an sallame ya maida. Sau biyar a rana.

"To ka bar na'urar gida mana."

"In bar karatu a gida, in tahi masallaci hannu wofi? Ke dai gyara. In ta kunyata ni gaban ƴan gayya, akwatin Innarki za ta shiga, in sa kwaɗo."

Wannan ya taɓa ni, don da la'asar ni ke jin abina da ita ina surfe.

Kwana biyu ina bincike a waya, rabi Faransanci rabi zato. Ga abin da na gano, kuma har yanzu yana burge ni. Lis ɗin da aka jera a cikin na'urar ba ta san sunan waƙa ba, lamba ta sani. Duk sanda aka cire kati aka maida, na'urar sai ta sake ƙirga komi daga farko, mai lamba bakwai ta koma sha biyu. Lis ɗin na nan kan bakanta, lamba bakwai take kira, ko wa ya amsa.

Amma na'urar na karɓar wata irin lis da mutum ke rubutawa da kanshi. Kowane layi kwatancen gida ne: wuri, dosiye, wato jakar da waƙar ke ciki, sai sunan waƙa. Na haɗa ta da wayata da igiya, na rubuta layi-layi. Farko ta tsallake duk na kati. Na kusa kuka. Sai na buɗe bayanin wata waƙa a ɗan allonta, na ga ita ba "kati" take kiran katin ba, tana da nata sunan, da wasu haruffa. Na kwafe shi daidai a gaban kowane layi na kati. Lis ɗin kuma na aje ta a cikin na'urar, kada ita ma ta shiga takalmi. Na yi biyu, ta safe da ta yamma. Na cire kati na maida har sau goma, Inna na cewa in bar abin mutane ya huta.

Ranar gayya, lis ɗin safe ta tahi daidai. Azahar na kai hura gona tare da mata. A gindin gawo aka yi salla, ba masallaci ba bango, amma Kawu ya zare katinshi ya sa a takalmi. Surukin nan na cikin sahu.

Aka sallame, aka sha hura. Kawu ya zazzage takalmi, ya hure yashi daga katin, ya maida. Ya dube ni, ya latsa ta yamma. Addu'a ta fito. Tana ƙarewa ganga ta ɗauka, maza suka miƙe da hauyoyinsu.

"Injiniya, yau kin ci hurarki."

"Kawu, ni na dama ta."

Ya miƙo mani na'urar bayan an tashi, ya ce in riƙe zuwa magariba. Na karɓa, katin na warin takalmi.