Ranar da na zaci na jefa mu a intanet

Shafin yana buɗewa ke nan maigidana ya leƙo ta bayana. Zamanin mulkin soja ne, ina buga takardu a shagonsa a Wambai, na kuma sa wa kwamfutar wata manhaja don in riƙa gwada shafukan intanet da nake koyon haɗawa.

"Sani, intanet ka sa mu? Takardar koken da muka buga wa 'yan ƙungiya kan gwamnati fa tana cikin kwamfutar nan, har da sunayensu!"

Ni ma ban tabbata ba. Na rarrafa ƙarƙashin tebur ina bin wayoyi.

"Alhaji, ko layin tarho ba mu da shi. Iyakarsa cikin kwamfutar nan."

Bai yarda ba, sai da na goge komai. Sati guda cur, in mota ta tsaya a ƙofar shago sai mu kalli juna.

Ku fa, wane tsoro ƙarancin sani ya taɓa jefa ku?