Furen farko na barkonon mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da rairayi ya fara cinye garkarmu da ke kwari a bayan Gure, abin da ya fi damun mahaifiyata ba dabinon ba ne, ba rogon ba. Wani gindin barkono ne da ta kawo daga gidan iyayenta a Bune. Ƙanana ne 'ya'yansa, ga ƙamshi, ga yajin da ke sa ƙato hawaye. Ba ta taɓa shuka ƙwayarsa ba, don ta ce a kusa da tattasan maƙwabta ƙwayar gurɓata take. Reshe take yanka ta dasa.

A shekarar da tudun rairayin ya zo bakin rijiyar garkar, ita ma ciwo ya kwantar da ita. Ta aike ni da wuƙa, ni da iyakar sanina da barkono a cikin miya ne. Na yanko rassa, ta zage ganyen ƙasa tana daga kwance, muka soka su a gwangwanayen tumatir, muka jera a gindin randa inda ƙasa ke da laima. Ban sake komawa kwarin da wuri ba. Da na koma, uwar barkonon tana ƙarƙashin rairayi.

Rassan suka yi ta baƙi suna ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, har saura guda. Shi ya yi saiwa, na mayar da shi cikin yankakken bido, wato jarkar ruwa.

A lokacin abinci ya daina shigar mata. Na kai ta Damagaram, likita ya ja ni gefe ya ce in mayar da ita gida in yi ta ba ta abin da ranta ke so. Abin da ranta ke so kuwa ɗaya ne, miyar kuka da barkononta. Na kawo na kasuwa, ta ɗanɗana ta kau da kai.

Wata safiya na ga fararen furanni a jikin dashen. Na kinkimi bidon da gudu kamar ƙaramin yaro na dire a gabanta.

"Inna, dubi! Kwana kaɗan ki sha miyarki."

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Tsinke su, Auta."

"In tsinke? Inna, su fa muke jira."

"Saiwarsa ba ta yi ƙwari ba. In ya ɗauki 'ya'ya yanzu, su za su kashe shi. Daga shi babu wani."

Na ce ba zan iya ba, har da ɗaga murya. Ba ta yi musu da ni ba. Ta miƙa hannun nan da ya rame, ta bi furannin ɗaya-ɗaya da farce, ta zuba mini su a tafin hannu. Ta ji abin da likita ya faɗa, ashe, ta kuma san lissafinta.

Kafin ya sake fure mun kai ta makwancinta.

Yau barkonon nan ya cika bayan ɗakina, na raba rassansa ga maƙwabta da dama. Duk wanda na ba, ina gaya masa ya tsinke furen farko, kuma gaskiya ce, dashen ya fi ƙarfi. Amma ni har yanzu in nawa ya yi furen farko, matata nake kira ta tsinke, in fita waje.